Hancin Ja'afaru Baduku da Liyarin Hure

A Makka ba a cika kiran mutum Alhaji don a girmama shi ba, domin har mai jakin da ke kawo ruwa ya hau Arfa sau ashirin. Mutanen unguwar Jarwal da sana'a suke kiran junansu, shi ya sa Ja'afaru ya rayu har ya tsufa ana ce masa Ja'afaru Baduku. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, da ɗan gemun da ya shekara arba'in yana shawarar ko ya fito ko ya fasa. Abin da Allah Ya ba shi a wadace shi ne hanci. Idan ya zauna a bakin shagonsa, a lungun da ya gangara zuwa bazan, wato matattarar ruwan unguwa inda ake ɗiba, hancin ne ke fara yi wa mai wucewa maraba kafin sauran fuskar ta iso. Wannan hancin ne ya ɗaukaka shi a shekarar 1964, shi ne kuma ya so ya raba shi da Hure mai dafaffen ƙwai, matar da ya shekara biyu yana son ya aura bakinsa ya kasa faɗa.

Mutumin ƙasar Kazaure ne. Ya baro gida yana saurayi sabon aure, shi da matarsa Rumasa'u, a ƙasa, kamar yadda ake tafiya a lokacin. Shekara bakwai suka yi a hanya. Sun zauna a Fallomi, sun yi damina biyu a Jinena, sun tsinci auduga a Madani har yatsunsu suka tsattsage, sannan suka hau jirgin ruwa a Sawakin. Da suka sauke farali sai ya duba hanyar komawa, ya ce a bari sai baɗi. Baɗin nan ce ba ta zo ba har Rumasa'u ta rasu, 'yarsu tilo ta yi aure a Madina, ya zama daga shi sai basillarsa.

Aikinsa a farko ba ɗinki ba ne kawai, har da farkewa. Matafiyan ƙasa ba su yarda da aljihu ba. Guzurinsu na azurfa a cikin ɗamarar fata suke ɗinke shi, ko a cikin wata laya ta ƙarya, su ɗaura a jiki, su yi shekaru ba su gan shi ba. In sun iso Makka sai su nemi baduku ya farke musu. Ta haka dubban sulalla suka bi ta hannun Ja'afaru: majidi na Turkawa, riyal na azurfa, da babban nan mai hoton wata mace mai kauri, wanda Larabawa ke kira riyal faransa, mutanen gida kuma su ce liyari. Babu wanda ya fito daga fata fari. Kowanne da launin da hanya ta ba shi, kuma tun yana kallo don nishaɗi har ya zo ya iya karantawa.

Sai ya ɗaga sulai ya ce wa mai shi, “Kai ka daɗe a wurin danshi, kuma fatar nan jimar bagaruwa ce, a Kano aka yi ta.” Mutum ya riƙe baki. Ga wanda ya tsaya ya saurara, yakan bayyana yadda abin yake. Launin da shekaru suka kawo daga gefe yake farawa ya shiga ciki a hankali, ruwan zuma tukuna, sai ja, sai shuɗi mai ƙyalli irin na wuyan tantabarun Harami. Yana kwanciya ne a cikin kwarin rubutu, ya bar tudun da hannu ke shafa da haskensa. Fuskar da ta kalli jiki daban, wadda ta kalli waje daban. Ko ka murza da babban yatsa ba zai biyo ka ba. Wannan ilimi bai taɓa kawo masa ko ƙwaryar ruwa ba, sai dai a ce Ja'afaru ya iya surutu.

Da hukuma ta mayar da riyal takarda, jirgin sama kuma ya fara kwaso alhazai da jakunkuna masu zif, aikin farkewa ya ja baya. Ja'afaru ya koma gyaran takalma yana ƙorafin zamani. Ana nan sai ga wani ɗan kasuwa daga Jidda, dogo mai tabarau, ya fara shigowa Jarwal kowace Alhamis yana cigiyar tsofaffin sulalla. Ya ce Nasaran da ke zaune a Jidda ne ke tara su don sha'awa, tunda kuwa su ba su da damar shiga Makka, shi ne ƙafarsu. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, in an kawo masa fari tas sai ya yamutsa fuska, in an kawo wanda ya dafe ya yi shuɗi sai ya gyara zama.

To, ka san matan Hausawa. Tun suna yara kowace jajiberin Salla suke tsefe sarƙoƙinsu na azurfa, su dirje su da toka da lemon tsami har su ga fuskarsu a ciki. Yau kuma a ce musu dattin da suka shekara suna yaƙi da shi, shi ne kayan! Kwana biyu aka yi ana salati a bakin bazan, a rana ta uku aka fara neman dabara. Ba a san wanda ya fara gano cewa gwaiduwar dafaffen ƙwai tana baƙanta azurfa ba, amma kafin wata ya zagayo babu gidan da ba a murƙushe ƙwai a kwano, a tura sulai ciki, a rufe. Masu zurfin ilimi suka koma farar wuta. Wasu suka rataya nasu a kan hayaƙin turare, wani kuma ya binne nasa a turken jaki ya manta wurin. Unguwa ta ɗauki wani irin wari da ya sa baƙi ke tambaya ko lafiya.

Mutumin Jidda ya sha kayen dafaffun sulalla sau biyu, Nasaransa suka dawo masa da su. Sai wani ya nuna masa shagon Ja'afaru. Daga ranar, kowace Alhamis bayan la'asar akan shimfiɗa masa tabarma a nan, a kawo shayi, masu sulalla su yi layi. Da farko Ja'afaru yakan bi ƙa'idarsa daki-daki: ya duba gaba, ya duba baya, ya murza, sannan a ƙarshe ya kai hanci. Amma ya lura babu mai damuwa da dubawar, shinshinawar ake jira. Ranar da amininsa Kabo wanzami ya miƙo wani majidi yana rantsuwa na kakansa ne, Ja'afaru ya ɗan ja numfashi a kansa ya ce, “Ƙwan jiya ne, Kabo. Kuma ka sa masa gishiri, ban san dalili ba.” Dariyar da aka yi ranar har masu shago na bakin titi sai da suka leƙo.

Yabo kuwa yana da daɗi, ko ga mai furfura. Sannu a hankali dubawa ta ragu, murzawa ta tafi, ya zama hanci ne kaɗai ke aiki. Yakan rufe ido ma don abin ya ƙara armashi, ya ce, “Farar wuta,” ko “Albasa da hayaƙi,” ko kuma ya buɗe ido ya ce, “Wannan ya ga hanya.” Samarin da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta fi ƙarfi a wajen cin tuwo, suka riƙa cewa hancin Ammi Ja'afaru, wato Baffa Ja'afaru, ba ya kuskure. Shi ma da bakinsa ya fara faɗa.

Duk wannan ɗaukaka ba ta ƙara masa ƙarfin zuciya a gaban Hure ba. Hure mutuniyar Damagaram ce, ta ba hamsin baya kaɗan, doguwa, mai tsage a kumatu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Shekara talatin tana zama a inuwar katanga kusa da bazan, da murhunta da tukunyarta, tana sayar da dafaffen ƙwai da yaji. Ba ta da yawan magana, kuma a unguwar an san in Hure ta ce abu ya faru, to ya faru. Ja'afaru yakan je kowace safiya ya sayi ƙwai ɗaya, ya tsaya yana ɓarewa a hankali kamar mai fiɗar rago, yana tattara kalmomin da ya kwana yana shiryawa. In ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa, “Hajiya, yau za a yi rana.” Ita kuma ta ce, “A Makka kuwa, Malam Ja'afaru? Abin mamaki.” A tunaninsa babu wanda ya san abin da ke ransa. A gaskiya kuwa har jakunan bazan sun sani.

Wadda ta ta da maganar ita ce Ɗaso, wata dattijuwa mai wankin kayan alhazai, wadda Ja'afaru ya kayar wa da sulalla uku a zama ɗaya, ba ta kuma yafe ba. Hure tana da liyari guda da take ratayawa a wuya, a ƙarƙashin riga, wanda mata suka sha hangowa ya yi wani shuɗi mai ban sha'awa. Ɗaso ta tsaya a layin ruwa ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Wadda ke sayar mana da ƙwan ai ita ce malamar dahuwa. Nata ma dafaffe ne, sai dai in ta kai wa baduku zai ce daga Aljanna ya faɗo, tunda hancin nasa toshewa yake in ya gan ta.”

Maganar ta shiga kunnen Hure. Ta bari sai ranar Alhamis, ta rufe tukunyarta, ta yafa mayafi ta nufi shagon, mata suka bi bayanta kamar ana rakiyar amarya. Ta tsaya a gaban tabarma, daf da Ja'afaru. Mutumin Jidda ya ajiye kofin shayi ya ce, “Tafaddali, bismilla, ya hajja.”

“Ba sayarwa na zo yi ba,” in ji Hure. “Yaya Ɗaso ce ta ce na dafa liyarina. Malam Ja'afaru, kai ka san azurfa. Wannan Innata ce ta ɗaura mini shi a Lubayya, a hanyarmu ta zuwa nan, ranar da ƙafarta ta gaza ta ce mu wuce mu bar ta. Tun ranar bai bar wuyana ba, ban kuma taɓa sa masa komai ba. Na rantse da kabarin da ban san inda yake ba. Duba ka gaya musu.”

Ta cire igiyar ta kanta, ta ajiye masa a tafin hannu. Abin da ya rikita shi bawan Allah shi ne ɗumi. Liyarin ya zo da ɗumin jikinta, ya kuwa ji shi har cikin ƙashinsa. Ya ɗaga ido ya ga Ɗaso ta harɗe hannu tana murmushi, ya ga Kabo yana ƙifta masa ido, ya ga duk lungun an zuba masa ido ana jiran a ga ko so zai toshe hanci. Kunya ta hana shi tsayawa ya ƙura wa abin wuyan mace ido a gaban jama'a. Sai ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya kai shi hanci don a gama da wuri.

Ƙwai ne. Babu ko tantama, warin ƙwai ne, a fili kamar an fasa shi yanzu. Zuciyarsa ta yi masa nauyi, amma wani abu a cikinsa ya miƙe tsaye yana cewa yau za a san Ja'afaru ba ya duba fuska. Ya buɗe ido, bai kalle ta ba, ya ce, “Ƙwai.”

Ɗaso ta rangaɗa guɗa. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, mutumin Jidda ya ce, “Ma'alesh, sai haƙuri, ya hajja,” ya koma kan shayinsa. Hure ta miƙo hannu ta karɓi abinta. Ba ta yi musu ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Na gode, Malam Ja'afaru,” ta juya ta bi ta tsakiyar matan nan ta wuce.

Sauran yinin ranar Ja'afaru ya yi ta gaya wa kansa cewa ya yi abin maza. Kabo ma ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Wallahi ka burge ni, ban zaci za ka iya ba,” wanda hakan bai sanyaya masa rai ba ko kaɗan. Kwana uku bai bi ta bazan ba, sai ya zagaya ta bayan gidan burodi in zai je masallaci. Labari dai yana iso shi. An ce mata sun daina kai wa Hure ajiya, an ce in ta yi magana a layin ruwa sai wata ta ce, “Wannan ɗanye ne ko dafaffe?” Macen da ta shekara talatin maganarta na raba gardama ta koma abin zolaya, kuma da kalma ɗaya tasa. Abin ya dame shi ƙwarai, amma yana ganin laifinta ne, don me za ta rantse a kan abin da hanci zai tona?

A rana ta huɗu ya ga ba zai iya ba, ya yi ta maza ya tafi da safe. Ya same ta tana tsame ƙwai. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ta sunkuya a kan tukunya, tururi ya taso ya rufe mata fuska, sai ga liyarin ya zamo daga wuyan rigarta yana lilo a tsakiyar tururin. Ruwa ya yi tsartuwa ya taɓa ta, ta yi bismilla, hannunta da ke cike da ɓawon ƙwai ya kai ga liyarin ya damƙe shi, ta mayar da shi cikin riga ba tare da ta san ta yi ba.

Nan take Ja'afaru ya ga abin da ya kamata ya gani ranar Alhamis. Haka take yi kowace safiya, sau nawa a yini Allah kaɗai Ya sani, shekara talatin cur. Azurfar da ta rayu a kan tukunyar ƙwai, a hannun mai ɓare ƙwai, warin me za ta yi in ba na ƙwai ba? Ya tuna ɗan abin da idonsa ya ɗauka kafin ya rufe shi: gefe shuɗi, ciki ruwan zuma, kumatun matar da ke jikin liyarin kuma fari sol saboda shafa. Babu kwanon da zai yi wannan a kwana ɗaya. Sai kuma abu na biyu ya iso shi. Liyarin da ya gani yana lilo yanzu fari ne fat, yana walƙiya kamar yau aka buga shi.

“Hajiya,” ya ce, “me ya sami liyarin?”

“Ka ce ƙarya ce a jikinsa,” in ji Hure. “Ni kuwa ba na yawo da ƙarya a wuya. Toka da lemon tsami suka raba mu. Ƙwai nawa za a ba ka?”

Bai karɓi ko ɗaya ba. Ya juya ya nufi bakin bazan, inda a wannan lokacin mata sun fi arba'in, ga masu jakuna, ga masu ɗaukar ruwa a garwa. Da yake gajere ne, sai ya kife wata garwa ya hau, garwar ta lotsa, ya kusa kifawa, wanda hakan ya taimaka wajen jawo hankalin jama'a.

“Jama'a, ku saurara!” in ji shi. “Ranar Alhamis na zalunci Hajiya Hure. Liyarinta na gaske ne, gaskiya ta faɗa. Hancina ya ji ƙwai, bai yi ƙarya ba, amma hanci bai san bambancin ƙwan kwana ɗaya da na shekara talatin ba. Ido ne ya sani, ni kuwa na rufe nawa. Ban duba ba, ban murza ba. Laifina ne, ba nata ba.”

Ɗaso ta ajiye tulunta ta ce, “Tayyib, mun ji. A kawo liyarin mu gani da idon namu.”

“Ta wanke shi.”

“To ina shaidarka?”

“Ba ni da ita,” in ji Ja'afaru. “Ni na sa aka goge ta. Abin da ya rage sai maganata, in kuma kun ce maganata ba ta da daraja yanzu, ba zan yi musu ba.”

Jama'a suka zuba masa ido, domin ba a saba ganin dattijo ya hau garwa ya tsinka kansa da kansa ba. Sai muryar Kabo ta fito daga baya: “To, ya sheikh, ai nawa ma ƙwan shekara talatin ne! A sake zama!” Wuri ya kaure. Duk wanda aka taɓa kayar wa da sulai ya tuna cewa kakarsa ma mai sayar da ƙwai ce. Mai turken jaki ya ce shi a gidansu tun fil azal da jakuna ake kwana. Ja'afaru ya sauko daga kan garwa, ya ba mai ita haƙuri, ya koma shago.

Alhamis ta gaba mutumin Jidda ya ji labari, ya ce shi ba zai dogara da hancin da mai shi ya tsaya a kasuwa ya ƙaryata ba, halas, magana ta ƙare. Ya naɗe tabarmarsa ya koma wajen wani maƙerin azurfa a wata unguwa. Samari suka daina taruwa, shayi ya ƙare, Ja'afaru ya koma kan takalma. A wajen bazan kuwa ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce so ne ya sa shi ya janye, amma mafi yawa suka ce mutum ba ya zubar da sunansa haka a kan ƙarya, suka koma kai wa Hure ajiyarsu suna kame-kame. Ita dai ba ta aiko masa da ko gaisuwa ba, shi kuma bai ga fuskar da zai kai mata ba. Ya sa a ransa cewa maganar aure ta mutu tun ba a haife ta ba, ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba tun rasuwar Rumasa'u.

Bayan kwana tara, da hantsi, yana fama da wani takalmi da ya fi ƙarfin gyara, inuwa ta rufe masa haske. Hure ce. Ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba, ta ciro liyarin ta miƙa masa.

“Duba shi,” ta ce. “Da ido.”

Ya karɓa da hannu biyu. Ya duba gaba, ya duba baya, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya bi kwarin rubutun ɗaya bayan ɗaya ko toka ta manta da wani lungu. Hure ba ta yin aiki rabi da rabi.

“Me ka gani?”

“Babu komai, Hajiya. Babu abin da ya rage.”

“Na sani,” in ji ta. “Da haushinka na dirje shi, ina dirza ina tsine wa hancinka. Da na ɗauraye na ɗaga shi, sai na gan shi fari kamar ranar da Inna ta ciro shi daga bakin zanenta. Na manta haka yake. Na ga hannunta, Malam Ja'afaru, har da zoben ƙarfen da take sawa. A Lubayya ban yi kuka ba, don ta ce in na yi ba za ta yafe mini ba. Ranar nan na zauna a tsakar gida da toka a hannu na yi na shekara talatin.”

Ja'afaru ya sake duban liyarin. Hawaye ya gangaro ya bi gefen hancin nan, tafiya mai nisa, bai share ba. Ya ce, “Ki yafe mini.”

“Ban gama shawara ba tukuna,” in ji Hure, tana gyara mayafi. “Amma na ji an ce ka lotsa garwar mutane saboda ni, an kuma ce ba ka da sauran masu shan shayi. Ga shi lemon tsami ya cinye mini igiya, saura ƙiris ta tsinke. Za ka iya yi mini sabuwa, ko ita ma sai ka shinshina?”

“Zan yi,” ya ce da sauri. “Ta fatar akuya, mai laushi. Sai dai igiyar wuya sai an auna wuya, Hajiya.”

Hure ta miƙe, ta karɓi liyarinta, ta yi masa wani kallo daga sama har ƙasa, wanda bai ɗauke ta lokaci ba.

“A titi za ka auna wuyan matar mutane? Aib, abin kunya, Malam Ja'afaru. Ka tura Kabo wajen ƙanen mijina a shafa fatiha, sai ka zo gida ka auna a tsanake. Shekara biyu ina jira ka faɗa, na ga in na biye maka sai mun mutu.”

Ta fita ta bar shi da baki buɗe. Da hankalinsa ya dawo jikinsa, ya jawo fatar akuya mafi kyau da yake da ita, wadda ya daɗe yana ɓoyo, ya ɗauki wuƙa zai fitar da igiya tun kafin a kai ga awo. Ya yanka ta farko ta karkace, ta biyu ta tsinke, ta uku ta fito da faɗin da za a iya ɗaure jaki. Shekara arba'in yana dukanci bai taɓa ɓata fata irin na ranar ba. Ya tattara guntayen ya tura ƙarƙashin benci, ya rufe shago da rana tsaka, ya tafi neman Kabo.